Yadda za ka yi aiki a Ingila ba tare da ka taka dokar 'yancin 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo ba

Wannan bayani na 'yan uwa ne da suka shigo Ingila kwanan nan, musamman masu bizar kula da tsofaffi, da nas-nas, da ɗalibai masu ɗan taɓa aiki a gefe, don akwai abin da ba wanda zai gaya maka a Kano ko Abuja lokacin da kake ta cike fom, sai ranar da abokiyar aikinka ta ce "matata" kuma matar tata take nufi da gaske, ko a tura ka gidan wani dattijo ka tarar wanda ya buɗe maka ƙofa mijinsa ne.

Ka fara da sanin inda ka sauka. A Janairun 2014 Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, mai ɗaurin shekara 14. Ran 29 ga Maris na shekarar nan dai aka ɗaura auren jinsi na farko a Ingila da Wales, Scotland ta biyo baya a Disamba, Ireland ta Arewa kuma sai 2020. Su ma fa ba haka suka taso ba, sai a 1967 aka cire abin daga jerin laifuka a Ingila da Wales, kafin nan kurkuku ake kai mutum. Wato tsohon nan mai shekara 80 da kake yi wa wanka ya yi samartakarsa ne cikin tsoron 'yan sanda, to in ka ga yana ɗari-ɗari da kai ranar farko kar ka ce wulaƙanci ne, auna ka yake.

Dokar da za ka riƙe sunanta ita ce Equality Act ta 2010, tana aiki a Ingila da Scotland da Wales. Abu tara ta hana a nuna wa mutum bambanci a kansu, ciki har da launin fata, da addini, da jinsin da mutum yake sha'awa. Ka lura da kyau, dokar da ta hana manaja ya wulaƙanta ki kan hijabinki, ko ya ƙi ɗaukar ka aiki don sunanka Muhammadu, ita ce dai ta hana a wulaƙanta 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo, inuwa ɗaya kuka shiga da kai da su. Ni a ganina wanda yake cin moriyar rabin dokar bai kamata ya yi ƙorafi kan ɗaya rabin ba. Kuma ba wanda ya ce ka canza aƙidarka, doka ba ta tilasta wa masallaci ko coci ɗaura irin wannan aure ba, abin da ta sa wa ido shi ne abin da ka yi wa mutum, a wurin aiki ko a wajen sana'a.

To a aikace me za ka yi? Aikin da aka ba ka ka yi shi ga kowa iri ɗaya. Kar ka je wa manaja da "a canza min gida, ba zan iya kula da wannan ba", kar ka rage fara'a, kar ka yi wa'azi a bakin gadon mara lafiya, mutum yana hannunka ba shi da ƙarfi, ba wurin da'awa ba ne nan. In an gabatar maka da mutum a matsayin miji ko mata, haka za ka rubuta a takarda, haka za ka kira shi, kar ka mayar da shi "abokinsa". In kana tuƙa tasi ko aski ko girkin biki, kwastoma kwastoma ne.

An sha gwada ƙin yin hakan da hujjar addini, kotu ba ta karɓa ba. Lillian Ladele ma'aikaciyar rajistar aure ce a ƙaramar hukumar Islington a Landan, Kirista ce, ta ce ita ba za ta yi wa masu jinsi ɗaya rajista ba, shari'a ta kai har kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, ta sha kaye a Janairun 2013. A shekarar dai kotun ƙolin Birtaniya ta ba wasu masu masauki a Cornwall rashin gaskiya don sun hana maza biyu ɗaki mai gado ɗaya. Amma fa akwai ɗaya gefen, wanda 'yan uwa ba su cika sani ba. A 2018 gidan kek na Ashers a Belfast ya ci nasara a kotun ƙoli, saboda abin da suka ƙi shi ne rubuta saƙon goyon bayan auren jinsi a jikin kek, ba mutumin suka ƙi sayar wa ba. Sai Felix Ngole, ɗan asalin Kamaru, da jami'ar Sheffield ta kora daga karatu kan sukar auren jinsi da ya rubuta a Facebook, kotun ɗaukaka ƙara ta ba shi gaskiya a 2019. Wato ra'ayinka naka ne, amma ka duba, shekara uku ya yi yana zarya kafin ya samu wannan hukunci, kai da bizarka take ɗaure da kamfani ɗaya kana da wannan lokacin? In aka kore ka, yawanci kwana 60 ake ba ka ka samo wani mai ɗaukar nauyinka ko ka tattara.

Shi ya sa maganar baki ta fi komai. Barkwancin nan da ake yi a majalisa a gida, kwaikwayon tafiya, kiran mutum ɗan daudu, a nan sunansa cin zarafi, ko da wanda aka yi wa ba haka yake ba, zato kawai aka yi. Kuma kar ka ce ai da Hausa na faɗa a grup ɗin WhatsApp, sikirinshot ɗaya da fassarar waya sun isa a kira ka ofis, baki shi ke yanka wuya. In wani ya tsokane ka da "kai me addininku ya ce a kanmu?" ba dole ka yi ƙarya ba, ba kuma dole ka buɗe muhawara ba, ka ce ina da addinina, ina girmama ka a matsayin abokin aiki, mu bar shi nan. Yawancinsu ma ba za su tambaya ba, shif ɗinsu suke so su gama su tafi gida kamar kai.

Abin da ya fi min nauyi shi ne tona asiri. In ka gano wani ɗan gida haka yake, Bahaushe ko Bayarabe ko ɗan Kamaru, kar ka ɗauki waya ka sanar da 'yan garinsu. A wurin aiki wannan ma cin zarafi ne a doka, a gida kuma kana iya jawo wa mutum duka ko kamu ranar da ya je ganin mahaifiyarsa, kai kana nan kana shan shayi. In a takardun mara lafiya ka gani kuwa, sirrin asibiti ne, nas na iya rasa lasisinta a kai.

Masu yara, tun Satumban 2020 darasin zamantakewa ya zama dole a firamaren Ingila, kuma makarantu da yawa suna ambaton cewa akwai yaro mai uwa biyu ko uba biyu. Kana da damar cire ɗanka daga darasin jima'i, amma ba daga darasin zamantakewar ba. Ka je ka ce a nuna maka littattafan, haƙƙinka ne, ya fi tsayawa bakin get ana ihu, iyayen da suka yi haka a makarantar Anderton Park ta Birmingham a 2019 kotu ce ta hana su taruwa a wurin.

Kai kuma ɗan uwa ko 'yar uwa da abin ya shafa kai tsaye kana karantawa shiru, dokar nan ta rufe ka ko da biza kake, ba sai kana da fasfon Birtaniya ba. Duk wanda aka zalunta a wurin aiki, kan addini ne ko kan wannan, hanyar ɗaya ce: rubuta rana da lokaci da wanda ya ji, kai ƙara a rubuce ga manaja, sanar da ƙungiyar ƙwadago in kana ciki, irin su UNISON ko RCN, sannan ka kira ACAS, hukumar sasanta rikicin wurin aiki, kyauta suke ba da shawara kuma sai an bi ta kansu kafin kotun ma'aikata. Kar ka yi jinkiri, wa'adin shigar da ƙara 'yan watanni ne kawai, kuma daga ranar da abin ya faru ake fara lissafi.