Darasi na 7: Yadda Ake Yin Tambaya da Turanci

A Hausa tambaya ba ta da wuya. Ka ce "Audu ya zo", ka ɗaga murya a ƙarshe, "Audu ya zo?", shi ke nan. In ka ga dama ka sa "shin" a gaba ko "ko" a baya, amma kalmomin suna nan inda suke. Turanci kuwa sai an taɓa jerin kalmomin, kuma a nan yawancinmu muke tuntuɓe.

Ku duba: "The shop is open", wato shago a buɗe yake. In tambaya ake so, sai "is" ta tsallako gaba: "Is the shop open?" Haka "are", "was", "can" da "will" suke yi. "You can read" ta koma "Can you read?" Amsarsu e ce ko a'a.

To, in jimlar ba ta da ko ɗaya daga cikinsu fa? Ga "She sells onions", tana sayar da albasa. Babu abin da zai tsallako, don haka sai a yi aro, kamar yadda ake aron turmi a maƙwabta. Abin aron shi ne "do", "does" ko "did": "Does she sell onions?" Ku lura da kyau, "s" ɗin "sells" ta koma jikin "does". Haka ma "You went to Azare" ke zama "Did you go to Azare?" Kada a ce "Did you went", domin "did" ta riga ta nuna abin ya wuce, ba sai an faɗa sau biyu ba. Ina roƙonku ku maimaita wannan har bakinku ya saba, don ko masu takardar sakandare yana kayar da su.

In bayani kake nema, sai kalmar tambaya ta shige gaban kowa: "who" wa, "what" me, "where" ina, "when" yaushe, "why" don me, "how" yaya. A asibiti, Hajiya za ta iya cewa "When does the doctor come?" Amma in wanda ya yi aikin ake nema, ba a aro: "Who came?"

Sai "nawa", wadda Turanci ya raba gida biyu. Ɗan bautar ƙasa ya tsaya a rumfarka a kasuwar Muda Lawal, ya ce "How much is a mudu of rice?" Kuɗi yake tambaya. Kai kuma ka ce masa "How many mudus do you want?" Abin da ake ƙirgawa ɗai-ɗai, kamar doya ko buhu, "how many" ne. Abin da sai an auna, kamar mai, gari da ruwa, "how much" ne, kuma farashi ma a nan yake.

Aiki: ku zauna biyu-biyu, ɗaya mai rumfa a kasuwar Wunti, ɗaya baƙo mai ciniki. Baƙo ya yi tambaya 5, biyu daga ciki da "do" ko "does", sannan ku yi musanya.