Ƙwayar istaf da layar tauri: kurakuran da muke yi da kafso

"Jikina ya saba da wannan magani, ba ya yi mini aiki." Ko a farmasi ko a gaban mai tebur a babbar kasuwar Maradi, da wuya a wuni ba a ji wannan magana ba, kuma ita ce kuskure na farko. Jikin mutum ba ya sabawa da antibiyotik. Wadda ta gagari magani ita ce ƙwayar cutar da ke zaune a jikin, kuma asirin da ta samu ba ta riƙe shi ita kaɗai, har ƴan uwanta take ba.

Mu ɗauki istaf, wadda likitoci ke kira Staphylococcus aureus. Ita ke kawo yawancin maruru, ƙurji mai mugunya, gyambo mai ƙin warkewa da ciwon nonon mai jego, in kuma ta shiga jini ko ƙashi tana kisa. Duk da haka kusan mutum ɗaya cikin uku na yawo da ita a hanci lafiya lau. A farantin da ake renon wannan ƙwaya ne Alexander Fleming ya gano fenisilin a 1928, amma kafin 1950 istaf ɗin asibitoci da yawa ta daina jin sa. Aka kawo metisilin, a 1961 a Ingila aka samu wadda ta gagare shi, ita ce ake kira MRSA. Binciken da mujallar Lancet ta buga ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, MRSA kaɗai ta ci fiye da 100,000, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ya fi ko'ina jin jiki.

To, yaya asirin ke yawo? Ita ma bakteriya, wato dangin ƙwayoyin da istaf ke cikinsu, tana da nata ciwon. Akwai birus, ko bairas kamar yadda ƴan Katsina ke cewa, da ba ya kama mutum ko dabba, bakteriya kawai yake ci, sunansa bakteriyofaj. Yana tsira wa istaf sinadarin gadonsa, ya mai da ita masana'anta, ta ƙera ɗaruruwan irinsa, ta fashe su fito. Wajen lodi ne ake samun tangarɗa. Kamar yaron mota a tasha da ya ɗora buhun wani a motar da ba tasa ba, wani ƙoƙon birus sai ya cika da gadon istaf ɗin da ta mutu maimakon nasa. In a cikin buhun akwai laƙanin karya fenisilin ko na tofar da tetirasikilin, duk ƙwayar da aka sauke wa kayan ta zama ƴar tauri, wuƙa ba ta cin ta, ita da zuriyarta, alhali ba ta taɓa haɗuwa da maganin ba. Masana biyu, Norton Zinder da Joshua Lederberg, su suka fara gano wannan hanya a 1952 a jikin ƙwayar Salmonella, a istaf kuwa masana na ɗaukar ta a matsayin babbar hanyar musayar gado.

Abin da ya sa na yi wannan dogon bayani shi ne kuskuren da ya fi kowane yawa a garin nan: sayen magani daidai kuɗin aljihu. "Ba ni kafso na dala ashirin." A sha biyu yau, ɗaya gobe, ciwo ya lafa, a ajiye sauran don wata rana. Yawancin istaf na ɗauke da irin wannan birus yana barci a cikin gadonsu. Gwaje-gwaje sun nuna cewa magani irin siforofulokzasin, har da dangin fenisilin, in ya taɓa ƙwayar bai kashe ta ba, yakan jefa ta cikin halin neman ceton rai, wannan firgici kuma shi ke ta da birus ɗin daga barci, ya hau lodi da rabon kaya. Rabin magani ke nan ya yi ɓarna biyu: ya share masu rauni ya bar wa masu tauri fili, ya kuma buɗe tashar da layu ke fita. Gyaran a bayyane yake, ko da yake ya fi sauƙi a baki: a sha adadin da likita ya rubuta, a kan lokacinsa, har kwanakin su cika. In kuɗi ba su kai ba, a faɗa wa likita tun a gabansa, sau da yawa akwai mai araha da zai yi aikin. Ragowar maganin wani kuma ba sadaka ba ce.

Sai masu shan amokzisilin don mura, musamman in hunturu ya shigo da ƙura. Mura wani birus ne daban mai kama mutum, antibiyotik ba ya taɓa ta. Wadda ke shan horon ita ce istaf ɗin da ke kwance a hancinka ba ta yi maka komai ba.

Akwai kuma dabarar da muka gada: a ɓare kafso mai ja da rawaya a barbaɗa garin a kan miki. Garin ba ya shiga inda ciwon yake, yana daskarewa da mugunya, ƙwayoyin da ke gefe su samu ɗan kaɗan da ba ya kisa, irin wanda muka ce yana ta da fitina. Miki sabulu da ruwa mai tsabta yake so, da bandeji. Maruru ƙarami kuwa sau da yawa gashi da tsumma mai ɗumi ya ishe shi har ya fashe da kansa, babba kuma ma'aikacin lafiya ya tsaga ya fitar da mugunyar. Wannan tsagawar ta fi kafso amfani. Kar a matse, balle wanda ya fito a hanci ko leɓen sama, don jijiyoyin wurin na da hanya zuwa cikin kai. In da zazzaɓi, ko ja yana yaɗuwa, ko jariri ne, ko mai ciwon suga, a nufi asibiti ranar. Ga wani abin mamaki: dafin PVL, wanda ke sa maruru ya yi ta dawowa a gida ɗaya, shi ma birus ne ke kai wa istaf laƙaninsa, kuma ya fi yawa a istaf ɗin Afirka ta Yamma a kan ta Turai.

Masu tallar magani da lasifika sun laƙa wa istaf duk wani "ciwon sanyi", da rashin haihuwa, da raunin namiji. Ganin sunanta a takardar gwaji ba ya nufin ita ce ciwon, don tana iya fitowa daga fata lokacin ɗaukar samfurin. Abin da ya kamata a nema, in ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, shi ne gwajin antibiyogiram: a rena ƙwayar a labo a ga maganin da ke kashe ta, maimakon a yi ta canza kafso da ka.

Birus ya fi samun damar miƙa kaya in iri biyu na istaf sun haɗu a fata ɗaya ko miki ɗaya, mu kuma ke haɗa su: tawul ɗaya ga gida duka, soson wanka na kowa da kowa, reza ɗaya, askar wanzami da ta bi kawuna biyar ba a tafasa ba. Kowa da nasa, hannu kuma a wanke kafin taɓa miki da bayansa.

A garke ma haka. Istaf na kumbura hantsar saniya da ta jar akuyar nan tamu, mai dabba ya sayo okzitetirasikilin ranar kasuwa ya tsira da ƙiyasi, washegari a tatsa a kai wa masu fura. A kira malamin dabbobi ya auna gwargwadon nauyinta, a ware mai ciwon a tatse ta daga ƙarshe, nononta kuma a zubar har kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar su wuce.