Gishirin potassium ya ishe ku gwaji

'Yan uwa masu karatun nukiliya a Kwabenya da ke Accra, in ba ku samu Cs-137 (nau'in cesium mai fitar da radiyeshin) don gwada na'urar auna radiyeshin gamma ba, ku sayi gishirin masu hawan jini, mai KCl (potassium chloride), akwai shi a manyan shagunan Accra.

Kashi 0.012 cikin ɗari na potassium ai K-40 ne, wato nau'insa mai radiyeshin, yana fitar da gamma a 1460 keV (ma'aunin ƙarfin gamma ke nan). Ku ɗora rabin kilo jikin na'urar auna gamma ta NaI (sodium iodide), ku bar shi awa ɗaya, za ku ga tsinin 1460 keV a zanen sakamakon da na'urar ta fitar.

Amma fa ku fara auna ɗakin babu gishiri, don simintin bango ma yana da potassium, ni sai da na ɓata yini guda kafin na gane. Kuma tsini ɗaya ba ya isa cikakken saitin na'urar, sai kun haɗa da tsinin 662 keV na Cs-137 in kun same shi.