Yadda Ɗan Katolika Zai Yaƙi Zunubin Da Ya Zame Masa Jiki

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban Fada yana furta zunubin da ya riga ya furta a watan jiya, ya san irin kunyar da ke sa mutum ya fara ƙaurace wa sakramen tuba. Waliyi Agustin, wanda aka yi wa baftisma a Milan a shekarar 387 bayan ya daɗe yana fama da sha'awar jiki, ya bayyana cewa sha'awar da aka biye mata takan zama sabo, sabon da ba a turje masa ba kuma ya zama sarƙa. Sabo turken wawa ne, kuma turken da ya yi shekaru a ƙasa sai an yi ta girgiza shi kafin ya fito.

Da farko ka zaɓi zunubi guda ɗaya, wanda ya fi jan sauran, ka kira shi da sunansa. "Ni mai rauni ne" magana ce da ba ta kama komai. "Ina shan burukutu har in bugu duk ranar kasuwa, in dawo gida in zagi matata" ita ce maganar da za a iya aiki da ita.

Daga nan ka bi sawun faɗuwarka, domin zunubin sabo yana da lokacinsa da wurinsa da abokan tafiyarsa. Mai shan nan ya san cewa ba a bakin ƙwarya yake faɗuwa ba. Ya faɗi tun lokacin da ya bar babbar hanya ya bi lungun da ke wucewa ta ƙofar mai sayarwa, da kuɗin cinikin ranar a aljihu. Saurayin da hotunan batsa suka kama shi ya faɗi tun da ya shiga da waya cikin gidan sauro bayan kowa ya kwanta. Ikilisiya tana koyar da cewa niyyar gyara ta haɗa da guje wa abin da ke kai mutum ga zunubi, kuma abin da Yesu yake nufi ke nan a Matiyu 5:29 da ya yi maganar ƙwaƙule idon da ke sa tuntuɓe. Saboda haka ka sauya hanya, wayar kuma ta kwana a wani ɗaki.

Mataki na uku, wanda a ganina ya fi kowanne amfani, shi ne binciken lamiri na musamman da Waliyi Ignatiyus na Loyola, wanda ya rasu a 1556, ya tsara. Da ka tashi da safe, ka ƙudura a gaban Allah cewa yau za ka kiyaye kanka daga wannan zunubi guda. Bayan abincin rana ka roƙi alherin tunawa, ka bi sa'o'in da suka wuce ɗaya bayan ɗaya, ka ɗiga ɗigo a layi na farko a takarda kan kowace faɗuwa, sannan ka sabunta niyya. Bayan abincin dare ka maimaita a layi na biyu. Sai ka riƙa gwada layi da layi, yau da jiya, wannan mako da wancan. Ignatiyus ya kuma ba da shawarar mutum ya ɗora hannu a ƙirji cikin nadama duk lokacin da ya faɗi, abin da za a iya yi ko a cikin jama'a ba wanda ya lura. Takardar nan takan nuna wa mutum cewa faɗuwa bakwai ta koma huɗu a daidai lokacin da Shaiɗan yake raɗa masa cewa babu abin da ya canja.

Na huɗu, ka riƙe Fada guda ɗaya, ka riƙa zuwa wurinsa a kai a kai, ka gaya masa a fili cewa wannan abu ya zame maka sabo. Yawo daga wannan Fada zuwa wancan don gudun kunya yana hana a san ciwon balle a ba shi magani. Zunubi mai kisa yana buƙatar abu uku: babban laifi, cikakken sani, da yarda da gangan. Ƙarfin sabo yana iya rage nauyin laifi, amma ka bar Fada ya taya ka auna wannan, kada ka yanke wa kanka hukunci.

Idan jaraba ta taso, ka tuna cewa jin ta ba zunubi ba ne muddin ba ka amince ba. Kada ka tsaya gardama da ita. Ka kira sunan Yesu, ka ɗauki rosari, ka tashi daga wurin ka nemi mutane.

In kuwa ka faɗi, ka yi addu'ar tuba nan take, ka nemi Fada cikin makon, kuma idan zunubin mai kisa ne kada ka karɓi Tarayya Mai Tsarki sai ka furta shi. Wanda giya ko ƙwaya ta kama jikinsa har hannunsa yana rawa in bai sha ba, ya haɗa da ganin likita, domin dainawa farat ɗaya a irin wannan hali tana iya zama haɗari ga ransa.