Zagayen awa-awa: yadda ake hana mara lafiya faɗuwa a asibiti

Galibi mara lafiya kan faɗi ne a bakin gadonsa ko a hanyar ban ɗaki. Fitsari ya matse shi da tsakar dare, ya duba bai ga nas ba, mai jinyarsa ta yi barci a kan tabarma, sai ya ce bari ya lallaɓa. Yana saukowa jiri ya kwashe shi. Ga dattijo, faɗuwa ɗaya tana iya jawo karayar ƙugu ko zubar jini a cikin kai, wanda aka kawo da zazzaɓi ya koma sai an yi masa tiyata. Amfanin zagayen da nas ke yi gado-gado shi ne a biya masa buƙatarsa tun kafin ta sa shi ya tashi shi kaɗai.

Aikin yana farawa ranar da aka ba shi gado. Asibitoci da dama suna amfani da ma'aunin Morse, wanda Janice Morse da abokan aikinta suka fitar a 1989. Wanda ya faɗi kwanan nan ana ba shi maki 25. Mai cuta fiye da ɗaya, 15. Mai ƙarin ruwa ko allura a jijiya, 20. Mai dogara sanda 15, mai dafa gado da bango 30. Tafiya mai rauni 10, mai tangaɗi 20. Wanda ke manta cewa ba shi da ƙarfin tashi, 15. In jimilla ta kai 45, yana cikin haɗari babba: a sa alama a katinsa da kan gadonsa, a matso da shi kusa da teburin nas. A sake awon bayan tiyata, bayan canjin magani, da duk lokacin da hankalinsa ya sauya, domin wanda ya shigo da ƙafarsa ranar Litinin ba lalle ya iya tsayuwa ranar Laraba ba.

Tsarin da aka fi bi shi ne zagaye kowace awa daga 6 na safe zuwa 10 na dare, sannan kowace awa 2 har wayewar gari. Da dare ba a tashin mai barci. A haska tocila ƙasa-ƙasa, a duba numfashi da kwanciyarsa, a wuce.

A bakin kowane gado abu huɗu ake dubawa: ciwo, ban ɗaki, yanayin kwanciya, da kayan da yake buƙata. Na biyun shi ne ya fi kayar da mutane, kuma a nan yadda aka yi magana yake da tasiri. In kika ce, "Baba, akwai abin da kake so?" amsar da za ki samu ita ce, "Babu komai, 'yata, alhamdulillahi." Kunya ba za ta bar dattijo ya ce wa yarinya sa'ar jikarsa yana jin fitsari ba. Gara ki ce, "Baba, sannu da jiki. Yanzu lokacin zagayawa ne, bari in kira ɗanka mu raka ka." Ga wanda ba ya iya sauka, a ja labule a kawo masa fo ko gorar fitsari. Wanda ke cikin haɗari babba kuwa ba a barinsa shi kaɗai a ban ɗaki, musamman in masai na tsuguno ne, domin tashi daga tsuguno yana saukar da awon jini nan take. A tsaya a bakin ƙofa, kada ya sa sakata.

A daidaita zagayen da magungunan da aka bayar. Furosemide, maganin da ke sa yawan fitsari, ta jijiya tana fara aiki cikin mintuna kaɗan, ta baki kuma cikin awa guda, saboda haka a koma wurinsa da wuri. Ledar ruwan da aka ɗaura da magariba za ta cika mafitsara kafin tsakar dare. Diazepam, promethazine, tramadol da pentazocine suna kawo magagi da jiri. Mai insulin da bai ci abinci ba, in ya fara gumi da rawar jiki, a auna sukarinsa kafin ya taka ƙasa.

Sai lokacin asuba, wanda ya cancanci zagaye na musamman. Ma'aikatan dare sun gaji, mutane da yawa suna tashi lokaci ɗaya don alwala, ruwan buta ya jiƙe tayil, wataƙila an ɗauke wuta ba a kai ga tayar da janareta ba. A riga su: a kawo buta da roba bakin gado, a goge ƙasa nan da nan, a tuna wa mai rauni cewa addini ya sauƙaƙa masa ya yi salla a zaune.

Tayar da wanda ya daɗe a kwance ba a yinsa da gaggawa. Ya zauna a bakin gado minti ɗaya ko biyu, tafin ƙafa a ƙasa, a tambaye shi ko yana ganin duhu-duhu, sannan ya miƙe kina gefensa mai rauni. In ana shakka, a auna jininsa bayan kwanciyar minti 5, a sake bayan tsayuwar minti 1 da minti 3. Lambar sama ta sauka da 20 ko ta ƙasa da 10, a mayar da shi gado a sanar da likita.

Kafin barin gado, a sauke gadon ƙasa iya saukarsa, a taka birki, a ɗage igiyar ƙarin ruwa da robar fitsari daga hanyar ƙafa, a kawar da kula da kwanukan abinci. Ruwan sha, waya, tabarau da carbi su kasance inda hannu zai kai. Silifas ɗin da gindinsa ya siɗe a ce a canza shi. Ƙarfen gefen gado yana taimakon mai magagin allurar barci, amma ga wanda hankalinsa ya rikice haɗari ne, domin zai haura ya faɗo daga sama. Irin wannan mutum ake zaunar masa da wani a kusa. Inda babu ƙararrawar kira, a gaya wa mai jinya ƙarara: "Hajiya, ko ƙarfe nawa ne, kada ki tayar da shi ke kaɗai, ki zo ki kira ni." A kuma faɗi lokacin dawowa, a cika alkawari, wanda ya san za a zo ƙarfe uku zai iya jira.

Abin da ya fi kashe wannan tsari shi ne cike takardar zagaye a tebur a ƙarshen aiki. In nas ɗaya ce a kan gadaje talatin, gara ta ware mutum biyar ko shida mafiya haɗari ta riƙe musu awa-awa da gaske, ta kuma miƙa aiki a bakin gadonsu.

In an faɗi duk da haka, kada a yi saurin ɗaga shi. A duba numfashi, hayyaci, wuya da ƙugu. Ƙafar da ta gajarce ta juya waje alamar karaya ce. In ya bugu a kai ko babu wanda ya ga faɗuwar, a kira likita, a riƙa duba hayyacinsa da ƙwayar ido kowane minti 30 na awa 2, sannan awa-awa na awa 4, musamman mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa. A rubuta lokaci, wuri, takalmin da ke ƙafarsa, maganin ƙarshe da zagayen ƙarshe. A ƙarshen wata a jera rahotannin. In suka taru a wajen ƙarfe biyar na asuba, a ƙara zagaye ɗaya da ƙarfe huɗu da rabi.