Gudun hunturu a Amurka: yadda maigida da uwargida za su gangara Fulorida da mota

Daga Disamba zuwa Maris, ma'aurata masu yawa a arewacin Amurka da Kanada, galibi waɗanda suka yi ritaya, kan kulle gida su gangara kudu, su bar wa dusar ƙanƙara gari. Namu mutanen da ke zaune a Shikago ko Detroit ko Minneapolis ma babu abin da zai hana su, balle mai 'ya ko ƙani a Atlanta. Za mu bi hanyar Shikago zuwa Fulorida, amma shirin kusan ɗaya ne ko daga ina aka taso.

Babbar asarar wannan tafiya a gida take faruwa, bayan an ja ƙofa. Ruwa idan ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, kumburin nan ne ke tsaga bututu a cikin bango. Ba a ganin ɓarnar sai ƙanƙarar ta narke, ruwa ya yi ta ambaliya kwana da kwanaki babu kowa. Don haka kada ku kashe na'urar ɗumama gida wai don tsimin kuɗin gas. Ku bar ta a kan digiri 55 na ma'aunin Amurka, wato kusan 13 a ma'aunin da muka saba da shi. Ku kashe tankin ruwan zafi tukuna, domin na lantarki yana ƙonewa idan ya yi aiki babu ruwa a cikinsa. Sai ku rufe babban makunnin ruwa, wanda yawanci yake ɗakin ƙasa kusa da mita. Ku fara buɗe famfuna daga bene, na zafi da na sanyi, kuna saukowa har famfon da ya fi kowanne ƙasa, inda ragowar ruwan zai tsiyaye. Ku ja ruwan masai har tankinsa ya ƙare, sannan ku zuba ruwan hana daskarewa kofi ɗaya ko biyu a kowace magudana da cikin kwanon masai. Mai launin ruwan hoda ake saye, wanda ake sayar wa masu motocin kwana. Na injin mota guba ne. Idan gidanku da ruwan zafi ake ɗumama shi ta bututu, kada ku taɓa makunnin tukunyar sai kun tambayi mai gyaran famfo. Ranar dawowa kuma a hankali ake buɗe makunnin, famfuna na buɗe, har iska ta gama fita.

Ku duba takardar inshorar gidan, wasu kamfanoni sun sharɗanta a riƙa leƙa gidan da babu kowa lokacin sanyi. A ba amintaccen maƙwabci mabuɗi, a kuma yi jinga da wanda zai riƙa kwashe ƙanƙarar ƙofar gida. Gidan waya na riƙe wasiƙu har kwana 30 ne kawai. Wanda zai wuce haka sai ya nemi a riƙa tura masa inda zai sauka. Masu hawan jini ko ciwon suga su roƙi likita ya rubuta maganin kwana 90, su kuma tambayi inshorar lafiyarsu ko tana biya a wata jiha, don wasu sai na gaggawa kaɗai suke ɗauka.

Daga Shikago zuwa birnin Orlando da ke Fulorida kusan mil 1,150 ne, tuƙin awa 17 ko fiye. Ku raba shi kwana uku. Ranar farko a bi babbar hanyar I-65 ta Indianapolis da Louisville a kwana Nashville. Rana ta biyu, daga Nashville zuwa Atlanta, gajera ce amma ita ce mai wuya: I-24 na hawa dutsen Monteagle sannan ta gangara da tsawo zuwa Chattanooga, wurin da hazo da santsin ƙanƙara kan haɗu da manyan motoci. A bi shi da rana tsaka, a sa ƙaramin giya, kada a danne birki tun daga sama har ƙasa, zai yi zafi ya daina kamawa. Gada tana riga sauran titi daskarewa saboda iska na bin ta sama da ƙasa, ko da kwalta ta yi kamar a bushe take. Idan hasashen yanayi ya nuna guguwar ƙanƙara, a ƙara kwana, kuɗin otal bai kai na asibiti ba. Agogo kuma zai yi ta sauyawa: Indianapolis na gaban Shikago da awa ɗaya, Nashville ta koma daidai da Shikago, Chattanooga ta sake yin gaba. Mai lura da lokutan salla ya bi na garin da yake.

A Atlanta ake yin zumunci. Ku sanar da masu gida tun da makonni, ku kuma faɗi ranar tashi tun kafin ku iso. Hutun makaranta na ƙarshen Disamba mako biyu ne ko kusa da haka. Bayansa jikoki na makaranta, iyayensu na wurin aiki, baƙon da ya zo sai ya wuni shi kaɗai da talabijin. Kwana uku ya isa, baƙo raɓa ne. Idan ana son zama mai tsawo, gara a kama ɗaki kusa a riƙa haɗuwa da yamma.

Gandayen daji su ne daɗin tafiyar, kuma su ne ke buƙatar shiri tun da bazara. Wuraren kwana na gwamnatin tarayya galibi wata shida kafin ranar ake buɗe rajistarsu a shafin intanet na Recreation.gov, na jihar Fulorida kuwa wata 10 ga wanda ba mazaunin jihar ba, kuma na Janairu da Fabrairu ba sa daɗewa. Katin shekara na shiga gandayen tarayya dala 80 ne ga mazaunin Amurka, yana shigar da mota da duk wanda ke cikinta. Ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin da ya kai shekara 62 yana samun na har abada a kan wannan kuɗin. Amma ba ya aiki a gandayen jiha.

Ku fara da Blue Spring, gandun jiha mai maɓuɓɓugar ruwa, arewa da Orlando. Ruwan maɓuɓɓugar digiri 22 yake duk shekara, shi ya sa ayu, dangin wanda ake samu a kogin Binuwai, ke taruwa a ciki daga tsakiyar Nuwamba zuwa Maris. Safiyar da ta fi sanyi ita ce ta fi tara su, kuma a irin ranar wurin ajiye motoci kan cika da wuri a rufe ƙofa. Daga nan sai Everglades, gandun tarayya da ke can kudu kusa da Homestead. Disamba zuwa Afrilu rani ne a wurin, sauro ya ragu, ruwa ya janye, kadoji da tsuntsaye sun matsu a 'yan tafkuna. Hanyar ƙafa ta Anhinga ba ta kai mil ɗaya ba, shimfiɗaɗɗiya ce, mai ciwon gwiwa ma zai iya. A bar aƙalla mita biyar tsakani da kada, a riƙe hannun yaro. Ungulayen wurin ajiye motoci na Royal Palm, inda hanyar ta fara, suna yagar robar gilashi da ta waifa, don haka a rufe mota da tamfol a ɗaure kafin a shiga.

Wajen komawa, ƙarshen Maris ma sanyi bai gama da Shikago ba. Ruwan wanke gilashi da ake sayarwa a Fulorida yakan daskare a arewa, ku riƙe galan ɗaya na gida a but. Iskar taya na raguwa yayin da ake shiga sanyi, a auna ta da safe kafin mota ta motsa, rigunan sanyi kuma a ajiye su a kujerar baya tun daga Atlanta.