Yadda za ka yi amfani da kalmar mob ba tare da ka zagi jama'a ba

Yaranmu masu rubuta insha'in Turanci a WAEC da masu zuba Turanci a Facebook suna yawan ɗaukar mob su maƙala wa kowane taro, wai don ta fi crowd daɗin ji. To a kiyaye, ba ɗaya ba ne.

Kafin ka rubuta, tambayi kanka: mutanen nan a fusace suke, sun fita daga hayyacinsu? Jama'ar da ta cika Ƙofar Kudu ran Hawan Daushe, yara a kafaɗar iyayensu ana leƙen dawakai, wannan crowd ce. Sahun Juma'a congregation, 'yan kallon Pillars a filin wasa spectators. Amma a ce wani ya kwarma ihun ɓarawo a tsakiyar kasuwa, kafin ka ce kwabo an yi caa a kan mutum, wannan da gora wancan da dutse, babu mai tsayawa ya tambayi me ma ya sata, to wannan ita ce mob, shi ya sa jaridu ke cewa mob justice idan an ɗauki doka a hannu.

Asalinta ma raini ne. Daga Latin take, mobile vulgus, wato gama-garin mutane masu saurin juyawa, yau suna nan gobe suna can. Turawan Ingila suka gutsure ta wajen shekarun 1680 ta koma mob, har marubuci Jonathan Swift ya yi ƙorafi a 1710 cewa irin wannan gutsure-gutsuren ɓata harshe ne, ga shi yanzu tana cikin kowane ƙamus. Tushensu ɗaya da mobile ɗin wayar hannunka.

Idan aikatau ce tana yin sauƙi, fans mobbed him na nufin masoya sun yi masa dafifi sun yanyame shi, ba lallai da mugun nufi ba. In kuma ka ji the Mob a fim ɗin Amurka, 'yan mafiya ake nufi.

Sai furuci, ka fitar da b ɗin nan sosai, don in ta koma mop ka shiga zancen abin goge tayil.